Motata tana mutuwa a hawa: in sayi sabon famfon mai?

Tambaya: Malam, ina da a-kori-kura mai shan fetur, da ita nake ɗaukar kaya. Wata biyu ke nan tana ba ni wahala. Da safe takan tashi lafiya lau, amma in na yi tafiyar kamar rabin awa, musamman in da lodi kuma na tunkari hawa, sai ta fara fizga, in taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. In na bar ta ta huce kamar minti 15, sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an canza kwayil, amma jiya i yau. Yanzu bakanike ya ce famfon mai ne. In saya? In kuma sayen ne, wane iri?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Mai yiwuwa bakanikenka yana da gaskiya, domin alamun da ka lissafa sun yi kama da na famfon da ya gaji. Sai dai su ne kuma alamun toshewar filta, da na wayar da ta ƙone a bakin tanki, da na tankin da ba ya shaƙar iska. An riga an canza maka abu biyu a kan zato, kada a ƙara na uku. Ka koma ka tambaye shi batun geji, wato agogon auna matsin mai: "Ka sa geji? Nawa ya nuna?" In ya ce ai ya zare tiyo ya ga mai yana tsartuwa, to bai auna komai ba. Famfon da ya kusa mutuwa ma yana watsa mai da kyau in babu abin da ya tare shi. Rauninsa ba ya bayyana sai an ce ya riƙe matsi alhali inji yana zuƙa.

Kowace mota da matsin da aka tsara mata, abin da makanikai ke kira furesha, ana auna shi da psi ko bar. Yawancin masu fetur da nozul mai fesa mai a bakin kowace silinda suna aiki tsakanin psi 40 zuwa 60, wato bar 3 zuwa 4. Mai kabureta psi 4 zuwa 7 ya ishe ta. Tsofaffin Chevrolet da GMC masu injin Vortec na ƙarshen shekarun 1990 kuwa sai an ba su psi 60 zuwa 66, in ya ragu kaɗan su fara wuyar tashi. Saboda haka "geji ya nuna 50" ba labari ba ne sai an kwatanta shi da abin da littafin motarka ya ce.

Ga yadda awon ke tafiya. A ɗaura geji a bututun da ke raba mai wa nozul. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: za ka ji famfo ya yi kuka kamar na daƙiƙa 2 ya tsaya, allura ta yi tsalle zuwa inda ya kamata. Kashe, ka zuba mata ido minti 5 ko 10. In ta zube ƙasa da sauri, mai yana komawa tanki ta bawul ɗin cikin famfo, ko ta regileta mai daidaita matsi, ko kuma wata nozul tana ɗiga. Daga nan a tayar, a duba a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba.

Amma taka matsalar ba a silo take ba, don haka awon gareji kaɗai ba zai kama ta ba. A ja tiyon geji a fito da shi ta gefen bonet, a manna fuskarsa da salatif a jikin gilashin gaba ta waje (kada a shigo da tiyon mai cikin mota), a ɗora kaya, a tafi hawan nan da take mutuwa. Kai kana tuƙi, bakanike yana kallon allura. In famfo ko filta ne, za ku ga abin ƙuru-ƙuru: allura tana 50, ka taka totur ta gangaro 40, 30, tana rawa, sannan fizgar ta biyo baya. In kuwa mota ta mutu allura tana tsaye cak a wurinta, ka wanke famfo daga zargi. A nan sai a koma kan sansar kiranshaf, na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota juyin inji, wadda ita ma ta shahara da yankewa in ta yi zafi ta dawo in ta huce. Yadda suke kashe mota ma ya bambanta. Yunwar mai a hankali take kashewa, da tari da fizga, ita kuwa sansa farat ɗaya take yi kamar an murɗe makulli, allurar juyin inji ta faɗi sifili nan take.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ranar da ta sake mutuwa, sauka ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, kuma mota ta tashi nan da nan ba tare da jiran ta huce ba, hanyar numfashin tanki ce ta toshe, famfo yana ta ja amma babu iskar da za ta maye gurbin man da ya fita. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne, kowace mota tana yi.

To, a ce allura ta faɗi. Har yanzu da saura kafin a je kasuwa. In filtar motarka a waje take, a jikin shasi, fara da ita. A cire, a zazzage ta gefen da mai ke shiga cikin kwalba mai haske. In abin da ya fito ja ne kamar ruwan tsatsa ko baƙi da ƙasa-ƙasa, ka ga mai laifi, kuma ka san cikin tankinka yana buƙatar wanki. In injinka yana da regileta mai ƙaramin tiyon iska, a zare tiyon a silo: matsi ya kamata ya ƙaru da kamar psi 8 zuwa 10, kuma in aka ga fetur a cikin tiyon, robar cikinta ta fashe. Sababbin motoci da yawa filta da regileta duk a cikin tanki suke tare da famfo, ba su da bututun mayar da mai, su wannan gwajin bai shafe su ba.

Sai wuta. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. A auna wutar da ke isa soket ɗin famfo yayin da yake aiki, a kwatanta da ta batir. In batir yana ba da bolt 14 amma famfo yana samun 11, bolt 3 sun ɓace a hanya, a rile (makunnin da ke ba famfo wuta) ko fiyus ko wayar as (ta negatif) da ta yi tsatsa a jikin shasi. Bai kamata asarar ta wuce kamar rabin bolt ba. Na taɓa ganin soket da aka zaro daga saman tanki, robarsa ta narke ta yi launin ƙasa, ɗaya daga cikin ƙafafunsa ya yi baƙi ya saki. In ya yi zafi sai ya ƙara saki, wuta ta ragu, mota ta mutu, in ya huce ya sake kamawa. Famfon da ke ƙarƙashinsa lafiyarsa ƙalau.

In filta sabuwa ce, wuta tana isa cikakkiya, matsi kuma yana faɗuwa, to yanzu sayi famfo da kwanciyar hankali. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: nemi na kamfanin da ya yi na asalin motar, ko irin su Denso, Bosch, Delphi da Aisin, ka saya da lambar kayan, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Jabu sun yi yawa, kwalinsu har ya fi na gaske ƙyalli, don haka inda ka saya ya fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci. Araha ba ta ado, balle ga abin da sai an sauke tanki kafin a kai gare shi. Kada kuma a ruɗe ka da famfo "mai ƙarfi" na motocin tsere. Yana jan wuta fiye da abin da wayarka za ta ɗauka, kuma regileta ce ke yanke matsi, ƙarin ƙarfin ba zai ƙara wa motarka komai ba.

Za a tambaye ka: moto kaɗai, wato ɗan injin lantarkin da ke tura mai, ko cikakken saiti da kwandon robar da yake zaune a ciki? In kwandon robar bai tsage ba, soket bai ƙone ba, gejin da ke nuna yawan mai a tanki yana karanta daidai, moto mai kyau da sabuwar rariyar gindi sun isa. In filta a cikin saitin take kuma motar ta ci hanya sosai, ɗauki cikakke, domin sabon moto a bayan tsohuwar filta wahala zai sha. Ko wanne ka zaɓa, a wanke tanki, a sa sabuwar robar murfi. A a-kori-kura sau da yawa ya fi sauƙi a kwance notocin bodi a ɗaga shi da a sauke tanki cike da mai. A cire kan batir, a sauke matsin da ke cikin bututu kafin a kwance komai, kuma babu taba babu walda a kusa.

Tambaya: Tawa Ford F-150 ce ƙirar 2006. Sau biyu ina canza famfo cikin shekara guda, har yanzu takan mutu a hanya, wani lokaci ta ƙi tashi sam, an fi gani in an yi ruwa. In sayi na uku mai tsada?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sauke safaya taya ka haska tocila a ƙarfen da ke samanta. Akwai wani ƙaramin akwati a ɗaure a wurin, shi ke sarrafa wutar da ake ba famfo. A F-150 na 2004 zuwa 2008 wannan akwati sananne ne da lalacewa: bayansa alminiyom ne, an manna shi a jikin ƙarfe, tsatsa ta ci shi har ya tsage, ruwa ya shiga. In ka kwance ka ga bayansa ya rududduge ya yi farin gari, ka gama bincike. Sababbin da ake sayarwa sukan zo da 'yan ƙafafu da ke ɗaga shi daga jikin ƙarfen, irinsu za ka nema. Ford kuma tana da makunnin da ke yanke wa famfo wuta in mota ta sha duka mai ƙarfi, a duba shi ma, danna shi kawai ake yi ya koma.

Tambaya: Malam, Hilux ce mai dizal, injin 2KD. In na taka sosai sai fitilar inji ta kama, ƙarfi ya yanke, wani lokaci ta mutu a silo. Kwamfuta ta nuna P0087. An ce in sayi babban famfon injekta.

Amsa: Hajiya, P0087 cewa kawai yake yi matsin mai a bututun nozul ya yi ƙasa. Bai faɗi dalili ba, kuma babban famfo shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda zan zarga, shi ne kuma mafi tsada. A fara da filtar dizal, a tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta. Sannan a danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar. In ya ƙi tauri, ko ya yi tauri da yamma ya saki kafin safiya, iska tana shiga ta wani wuri. Hanya mai sauƙi ta kama ta ita ce a sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, a tayar, a ga ko kumfa yana wucewa.

In nan ƙalau ne, a duba bawul ɗin SCV da ke bayan famfon Denso, wanda ke daidaita yawan man da ke shiga. In ya fara maƙalewa, daidai abin da kika faɗa yake jawowa, kuma shi kaɗai ake canzawa, noti biyu ne. Bayan an sa sabo a sa kwamfuta ta sake koya wa motar. Sai gwajin man da nozul ke mayarwa: a sa wa kowace kwalbarta, wadda kwalbarta ta riga sauran cika da nisa ita ke zubar da matsin. Abu guda ne zai sa in yarda da batun babban famfo tun da wuri, shi ne a ga ɓurɓushin ƙarfe mai walƙiya a cikin filta ko a jikin bawul ɗin. In haka ne, famfo yana cin kansa, kuma sai an wanke tanki da bututu an gwada nozul duka, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Ki gargaɗi bakanike kada ya sassauta bututun ƙarfe inji yana aiki. Matsin wurin yana haura bar 1,000, yana huda fatar mutum.

Tambaya: Maganin wanke nozul da ake zubawa a tanki zai gyara raunin matsi?

Amsa: Ba zai gyara ba, Malam. Yana iya rage dauɗar bakin nozul, amma ba ya farfaɗo da famfon da gawayin cikin motonsa ya cinye, ba ya buɗe filtar da ƙasa ta cika. In kana son kashe kuɗi a kan abin da zai amfane ka, sayi gejin matsin mai da ƙaramar mitar auna wuta ka ajiye a mota. Ka kuma daina barin mai yana sauka ƙasa da kwata, domin fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi, kuma in ya yi ƙasa sosai, a hawa ko a kwana yakan gudu gefe guda rariya ta shaƙi iska.