Tambaya da Amsa: Na Cika Shafi Uku, Malam Ya Ce "Ina Amsar?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandare da ke Tudun Wada, Kaduna. A jarrabawar gwaji an ce mu tattauna muhimmancin sunan littafin Ruwan Bagaja ga labarin da ke cikinsa. Na cika shafi uku, na kawo labarin tun daga farko har ƙarshe, amma ɗan makin da na samu ko faɗa ba na son yi. Malaminmu da jan biro ya rubuta, "Ina amsar?" Don Allah yaya ake tsara irin wannan amsa kafin babbar jarrabawa ta zo?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki yi haƙuri, amma malaminki bai zalunce ki ba. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai a garin nan, kuma irin taki ce ta fi ba ni tausayi: yarinya ta karanta littafi, ta san shi ciki da bai, sannan ta zauna tana ba mai dubawa labarin da ya sani tun ba a haife ta ba. An aike ki kasuwar Bacci sayen takalmi, kin dawo kina lissafa rumfunan da kika wuce.

Tambayar da aka yi miki ita ce: me ya sa marubucin ya zaɓi wannan suna, kuma wane aiki sunan yake yi wa labarin? Saboda haka kafin biro ya taɓa takardar amsa, ki ɗauki minti biyar ki samo jimla guda wadda za ki tsaya a kanta. Misali: "Ruwan Bagaja shi ne dalilin fitar tauraron, shi ne kuma abin da ya ɗaure labaran littafin wuri ɗaya, ko da yake ruwan kansa bai bayyana ba sai dab da ƙarshe." Wannan jimla ita ce gabatarwarki. Ki haɗa ta da layi ɗaya na tarihi: Abubakar Imam ne ya rubuta shi don gasar rubuta littattafan Hausa da Bature Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Layi ɗaya na ce. Wasu sukan ɓata rabin shafi kan haihuwar Imam a Kagara da karatunsa a Katsina, ba kuwa wanda ya tambaye su.

Daga nan sai hujja, kuma a cikin littafin take. Ki nemi inda aka fara ambaton ruwan. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulaƙanta shi a fada don ana ganin ruwan nan a baki kawai yake. Alhaji Imam, tauraron littafin, ya fita nemansa don ya wanke Liman daga wannan kunya. Kin ga ke nan tun a nan ruwan ya ɗauki kaya biyu: magani ne ga majinyaci, kuma shi ne zai maido da mutuncin wanda aka ƙaryata. Wannan ya ishe ki sakin layi guda.

Sakin layi na biyu shi ne inda ake bambanta ɗalibai, don haka ki natsu. Duk wanda ya karanta littafin ya san mafi yawan shafukansa ba zancen ruwa ake yi ba. Alhaji Imam ne da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya yi wa wancan tsiya a wannan gari, wancan ya rama a gari na gaba. Har mai karatu kan manta abin da aka fito nema. To, ɗalibi mai tsoro yakan ɓoye wannan, don yana ganin zai rushe masa amsa. Ke kuwa ki fito da shi fili. Ki ce wani zai iya cewa sunan bai dace ba, da ma sunan mutanen nan biyu aka sa wa littafin. Sannan ki ba da amsa: in aka cire neman ruwan, abin da zai rage tarin labaran ban dariya ne da ba su da mafari ba su da maƙura. Neman ruwan ne yake tayar da tauraron daga gari zuwa gari, shi ne kuma yake ba labarin wurin tsayawa. A nan za ki shigo da kalmomin da malamai ke son gani, wato jigo da zubi da tsari, ba don ado ba, sai don kin nuna aikinsu. Misali ɗaya na rikicin Zurƙe ya isa, a jimla biyu, kada ki zarce.

Na uku, ƙarshen labari: an samo ruwan, ɗan sarki ya warke, maganar Liman ta tabbata. Ki nuna yadda wannan ya cika alkawarin da sunan ya yi wa mai karatu tun daga bango. Kammalawa kuma ta zama gajera, ki maimaita matsayinki da wasu kalmomi, ki ajiye biro. Shafi ɗaya da rabi mai hujja ya fi min shafi uku na tatsuniya.

Wani abin lura: ba kowane suna ake bi ta wannan hanya ba. A cikin littattafan gasar nan akwai masu sunan tauraro, kamar Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A irinsu, abin tambaya shi ne me ya sa mutum ɗaya ya ɗauke littafin gaba ɗaya, kuma wane hali nasa ake son a gani. Akwai kuma masu sunan karin magana, kamar Jiki Magayi na John Tafida da East. A nan sai ki fara da ma'anar karin maganar a taƙaice, sannan ki tambayi kanki a kan wa ta faɗa.

Wannan na ƙarshen shi ne aikin gidan da na ba ki. Jikin wa ya gaya masa? Malam Shehu da ya yi amfani da dukiya ya aure Zainab? Abubakar da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman ramuwa? Ko Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma a kansa abin ya ƙare? Ni ina da nawa ra'ayin, ba zan faɗa ba tukuna. Ki zaɓi ɗaya, ki kawo wurare uku daga littafin, ki sa agogo a gabanki minti talatin, ki kai wa malaminki mai jan biro ya duba.