Mota ta buge ni a kan keke, in karɓi kuɗin sulhu?

Tambaya daga wani mai karatu a Jega: "Ina kan keke zan kai kaya kasuwa, mota ta buge ni ta baya. Na karye a hannun dama, keken kuma ya lanƙwashe. Mai motar ya biya kuɗin asibiti na ranar farko. Yau kwana 12, ya turo dattawa da naira dubu 80 in sa hannu a rufe magana. In karɓa? Keken fa, gyara zan yi ko sabo zan saya?"

Sannu Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Shawarata ita ce kada ka sa hannu yanzu. Ka karɓi dattawan da mutunci, ka gode musu, ka ce a ba ka lokaci har likita ya faɗi matsayin hannun. Sulhu alheri ne, ban hana ka ba. Amma kwana 12 ya yi kaɗan a san abin da karaya za ta ci. Ƙashin babba yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, bayan nan ga gashin ƙashi don yatsu da wuyan hannu su saki. Duk wannan lokacin ba ka fita nema, kuma gida ba ya daina cin abinci. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce ba a ƙimanta diyyar rauni sai ya warke, don a ga abin da ya bari a jiki. Faɗa wa dattawan wannan, za su fahimta.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun kansa. In gida ka koma wajen mai ɗori ba tare da hoton ƙashi ba, ka je a ɗauka, ko sai ka kai Birnin Kebbi. Yatsu su kumbura, su yi sanyi, ko ka daina jin su, to ɗaurin ya matse, a kwance shi a tafi asibiti a ranar. Ga kuma wani amfanin: takardar likita ita ce shaidarka. Ka adana kowane rasit, har na magani da kuɗin mota.

Sai maganar inshora, wadda yawancinmu ba mu san haƙƙinmu a cikinta ba. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka buge. Daga watan Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin wannan inshorar naira dubu 15 a shekara ga motar gida, kuma inshorar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ƙari a kan biyan rauni. Kekenka dukiya ne. Ka sa lambar motar a shafin askniid.org, zai nuna ko inshorar ta gaske ce, don takardun bogi sun yi yawa. In ta gaske ce, mai motar ne zai sanar da kamfanin, su kuma za su nemi rahoton 'yan sanda da na likita. Ba ka kai rahoto ba? Ka kai gobe, tun waɗanda suka gani ba su manta ba.

In babu inshora, nauyin yana kan mai motar. Ya ƙi, akwai kotu, kuma Hukumar Legal Aid tana da ofis a Birnin Kebbi don marasa ƙarfin ɗaukar lauya.

Keken kuwa, kada a taɓa shi sai ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, mai gyara ya rubuta maka kuɗin aiki. Wili da birki ana canzawa. Amma in ƙarfen jikin ne ya lanƙwashe, ko an miƙe shi ba lallai ya koma daidai ba, kuma kai mai ɗaukar kaya ne. Sa kuɗin sabo a lissafin da za ka kai wa dattawan, ka haɗa da jar fitilar baya da hular kwano.