Tambayi Likita: Bakteriyar gona, sabon wake da fiya-fiya

Wani manomi daga Bichi: Likita, an ce ana sauya wa ƙwayoyin bakteriya halitta a zuba su a gona. Ba za su kama mutum ba?

Malam, ba kowace bakteriya ce ke sa cuta ba, ƙasar gonarka ma cike take da su. A Amurka aka fara gwada irin waɗannan a fili, a 1987, don kare shuka daga ƙunar sanyi. Abin da masana suka fi sa wa ido shi ne kada su bazu su miƙa wa ƙwayoyin daji sabon halinsu. Shi ya sa a Najeriya sai da izinin hukumar NBMA, mai sa ido kan abubuwan da aka sauya wa halitta, ake sakin irin wannan.

Daga Kontagora: Baƙin garin da ake shafa wa irin waken soya fa?

Bakteriyar asali ce mai samar wa saiwa taki, ba a taɓa halittarta ba. Ka wanke hannu kafin cin abinci.

Wata uwa daga Funtuwa: An ce sabon waken Zariya yana hana haihuwa, don haka na kasuwa nake saye. Jiya ɗana ya ci ya yi ta amai, na ba shi manja.

Hajiya, kafin komai: in har yanzu yana amai, ku tafi asibiti yanzu.

Waken da kike nufi, SAMPEA 20-T, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ce ta fitar da shi a 2019. An ɗauko hali ɗaya daga bakteriyar ƙasa mai suna Bt aka saka masa, tsutsar da ke huda kwanso ta ci ta mutu. A hanjin ƙwaro sinadarin yake aiki, kuma babu binciken da ya tabbatar yana hana haihuwa.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne fiya-fiya da Sniper da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa wake don gudun ƙwari. Saboda wannan gubar ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Wake mai warin magani, kada ki dafa. Na ajiya kuma a sa shi a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ko a jarka a toshe bakinta sosai.

Shi kuwa manja, don Allah a daina! Manja ba ya karya guba, nono ma haka. Yaron da ya galabaita aka ɗura masa, sai ya shaƙe, man ya gangara huhu, a ƙara masa wani ciwon. Kada kuma a cusa masa yatsa a maƙogwaro. In kin ga yawu na dalala, gumi, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, ko numfashi na sarƙewa, ku garzaya asibiti, akwai allurar atropine da ake yi. Ku riƙo ragowar waken mu gani. Ko ya ji sauƙi ma, a kawo shi a duba shi yau.