Ruwan da ke tsattsafowa ta gindin bututun jirgi

Ka tambaye ni, ɗana, ko za ka iya ƙara ɗaure notin nan na bututun jirgi da ke yoyo ka shafa masa silikon ta ciki, tunda mai jirgin ba ya son a fitar da shi daga ruwa, kuma yoyon bai wuce ɗigo-ɗigo ba. Amsata a'a. Ajiye sufanar nan tukuna ka saurare ni.

Wannan bututun ƙarfen da ya huda jikin jirgi a ƙarƙashin ruwa, kansa mai faɗi yana waje, wuyansa mai zare ya shigo ciki, noti ya riƙe shi, sannan makullin ruwa ya hau kansa, tiyo ya biyo baya. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne gam ɗin da aka shimfiɗa tsakanin kan nan na waje da jikin jirgi. Noti riƙewa kawai yake yi. In ka murɗa shi jirgi na kan ruwa, sau da yawa wuyan gaba ɗaya ne zai juya, ya yage ɗan gam ɗin da ya rage, ɗigo ya koma kwarara. Silikon da ka shafa ta ciki kuwa, ruwa daga baya yake turo shi, ba zai zauna ba, kuma zai bar maiƙon da zai hana gam na kirki kamawa nan gaba.

Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka fara gano inda yake fitowa. Goge wurin ya bushe ƙarau, barbaɗa hoda kewaye da notin da gindin makullin da bakin tiyon, ka haska tocila ka jira. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne. Rufe makullin ka sake gwadawa. In ɗigon ya tsaya, matsalar tiyo ce ko zoben da ya ɗaure shi, wannan kana iya gyarawa yau ɗin nan: sabon tiyo, zobba biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa in bakin ya isa ɗaukar biyu. In ruwan daga ƙarƙashin noti yake fitowa, sai jirgi ya hau tudu.

Kafin ka taɓa komai, kankare jikin ƙarfen da wuƙa ka dubi launinsa. Nan nake so ka buɗe ido sosai. Tagulla iri biyu ce a aikin nan: akwai mai haɗin jan ƙarfe da kuza, ita ce ta ƙarƙashin ruwa, akwai kuma mai haɗin jan ƙarfe da tutiya, irin ta famfon gida. Ruwan gishiri yana cinye tutiyar sannu a hankali ya bar jan ƙarfe mai ramuka. Ta waje siffarsa ba ta canza ba, amma ƙarfinsa ya tafi. In ka kankare ka ga rawaya mai sheƙi, lafiya. In ka ga jaja-jaja, kada ka sake ka matsa masa, yana iya karyewa a hannunka. Ramin milimita 25 da ke rabin mita ƙarƙashin ruwa yana zubo fiye da lita 50 a minti ɗaya, ƙaramin famfon kwashe ruwa ba zai yi tsere da shi ba. Shi ya sa kowane bututu nake so in ga toshiyar katako mai tsini ɗaure da igiya a gefensa, daidai girman ramin.

Jirgi ya hau tudu, sai ka cire tiyo da makulli da noti. In kan na waje ya ƙi fita, kada ka yi ta dukansa da guduma har ka tsaga faibar da aka yi jikin jirgin da ita. Sa giranda ka cinye kan a hankali, wuyan zai faɗo ciki. Kankare tsohon gam tas, goge da samfefa, wanke da asiton. Katakon da aka sa ta ciki ƙarƙashin noti, soka masa sukundireba. In ya nutse, ya ruɓe, kuma galibi ruɓewar nan ce ta sassauta notin tun farko. Ni na fi son a maye gurbinsa da farantin faiba mai kauri a manna shi da gam ɗin ifoksi, don ba ya shan ruwa. Leƙa cikin ramin kuma. Wasu jiragen suna da katakon balsa ko soso tsakanin faiba biyu. In haka ne, ƙwaƙule shi kewaye da ramin, ka bar wurin ya bushe, ka cike da ifoksi mai kauri, in ba haka ba ruwa zai bi ta nan ya ruɓar da jikin jirgin.

Wajen sayen sabo, kula da zare. Zaren wuyan bututu miƙaƙƙe ne, na bawul ɗin famfon gida kuwa yana tsukewa. In ka haɗa su, zagaye biyu ko uku za su kama su cije, ka ɗauka ya ɗauru, alhali taku ɗaya zai ɓalle shi. Nemi makullin jirgi na ainihi mai faffaɗan gindi da ke zama kan farantin. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin jiragen ruwa a Amurka, ta ce makullin ya jure nauyin fam 500, wajen kilo 227, na daƙiƙa 30.

Haɗa komai a bushe tukuna ka ga tsawon wuyan. In ya yi yawa har ya tokare cikin makullin kafin gindinsa ya zauna, rage shi da zarto. Sannan ka shafa gam ɗin foliyuretan na ƙarƙashin ruwa, kamar Sikaflex 291 ko 3M 4200, a bayan kan da gindin wuyan, kada ka yi rowa. Ba na son gam ɗin 3M 5200 a nan, riƙonsa ya yi yawa, wanda zai cire shi wata rana zai sha wuya. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a waje ya riƙe kan kada ya motsa, kai a ciki kana ɗaurewa, har gam ya ɓullo zobe cikakke ba inda ya yanke. Da ya zauna daram ka tsaya, kada ka matse gam ɗin duka ya fice.

Ba shi kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa ya bushe, ko mai jirgi na gaggawa. Ranar mayar da shi ruwa, ka ce kada a kwance majanyun ɗaga jirgin sai ka shiga da tocila da hoda ka duba gindin makullin, yana rufe, sannan yana buɗe.