Baƙo a Kano: A Ina Zai Ci Abinci Hankali Kwance?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Damagaram, zan shigo Kano sarin atamfa a Kantin Kwari, kuma a masaukin baƙi zan sauka. An ce birnin cike yake da ƙabilu da girke-girke iri-iri. Ta yaya zan ci abinci a waje ba tare da cikina ya ɓaci ba, kuma ba tare da na ci abin da bai halatta ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo ka lafiya. Abincin Kano unguwa yake bi. A cikin ganuwa gurasa ce kan gaba, musamman bandashe da ake yi da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, kuma an san Jakara da gashinta. A Fagge da kewayen Kwari, inda za ka wuni, ba za ka rasa waina da miyar taushe ko ɗanwake ko shinkafa da wake ba, da yamma kuma masu tsire da balangu su hura wuta. Sabon Gari, wadda ta kafu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, can ne Yarabawa da Ibo suke sayar da amala da sakwara da miyar agushi. Gidajen abincin 'yan Labanan da Indiyawa da 'yan Sin sun fi yawa wajen Nasarawa da Bompai, kuma a can ka nemi ganin farashi kafin ka ce a kawo.

Game da halasci, galibin naman garin mahauta Musulmi ne suke yankawa. Inda ake bukatar tambaya shi ne wasu wuraren Sabon Gari da ke sayar da abinci tare da giya ko naman daji, da gidajen abincin 'yan ƙasashen waje da kan sa giya a girki. Ka tambaya cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar cikinka, domin na ga fatake da yawa da gudawa ta kwantar da su ana tsakiyar ciniki. Kyan gini ba ya nuna tsaftar tukunya. Ka zaɓi wurin da layi yake da tsawo, inda abinci yake ƙarewa ana sake ɗora wani, saboda ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firiji ba. A zafin Afrilu wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Tsiren da ya huce a ce a mayar da shi kan garwashi a gabanka. Ka guji ɗanyen latas da kabeji da ba ka ga wankinsu ba, da ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo, da kunun aya da ya wuni a rana, domin yana saurin lalacewa. Taifot da kwalara ta ruwa da abinci suke shiga, don haka ka tsaya ga ruwan gora ko na leda mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya.

Ka riƙe garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa a ruwa, a jakarka. Idan gudawa ta zo da jini, ko zazzaɓi, ko amai da ya ƙi tsayawa, ka bar ciniki ka tafi asibiti a ranar.