Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Baƙar Robarmu Ke Tsagewa a Rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna sayen ledar fiya wata, mu narka ta mu yi bokiti da baho. Muna zuba garin gawayi don su yi baƙi, amma ba sa shekara a rana sai su yi ta tsagewa. Ga tankunan ruwa na kamfani suna shekaru a kan rufi. Ina matsalar take? Daga wani mai sana'ar roba a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gawayin nan shi ne ya cuce ku. Abin da ke cikin tankin kamfani baƙin kabon ne, wato wani baƙin gari mai laushi kamar baƙin hayaƙin fitila, wanda ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 20 zuwa 25 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kaurin gashin kai kuwa ya kai nanomita 80,000. Hasken UV na rana, wato ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, yana tsinka dogayen sarƙoƙin da suka haɗa roba. Waɗannan ƙananan ƙwayoyin kabon, saboda yawansu, suna shanye hasken tun a fatar bokitin. Gawayi ko an daka shi ya yi laushi, ƙwayarsa ta ninka wannan ɗaruruwa, sai rana ta ratsa tsakaninsu, kuma kowace ƙwaya ta zama bakin tsaga.

Ku nemi mastabac baƙi, wato ƙwayoyin roba da aka riga aka cakuɗa da kabon, mai kabon kashi 40 cikin ɗari, wanda aka yi da polietilin irin ledarku. Ku tambayi mai sayarwa ko na kariya daga rana ne, domin akwai mai araha da launi kawai yake bayarwa. Kilo 6 a cikin kilo 94 na roba zai ba ku kabon kashi 2.4, kuma abin da ake so ke nan, tsakanin kashi 2 da 2.5. Ƙari a kan haka asarar kuɗi ce, ba ya ƙara kariya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gaurayawa. Kabon yana son dunƙulewa, kuma dunƙulallen kabon bai fi gawayi ba. Ku shanya mastabac a digiri 80 na awa biyu zuwa uku, saboda damshin Kumasi yana shiga shi ya bar kumfa a jikin kaya. Zafin injin ya tsaya tsakanin digiri 180 da 220. Idan sukurun injin, wato ƙarfen da ke juyawa yana murje robar, ya cinye, ku canja shi, don ba zai murje dunƙulen ba.

Gwajin gaurayawar ba shi da wuya: ku matse ɗan gutsuren roba tsakanin ƙarfe biyu masu zafi har ya yi siriri kamar fatar albasa, ku ɗaga shi ga fitila. Launi bai-ɗaya ake so. Ɗigo-ɗigo ko zane-zane na nufin a sake bi da shi ta injin.

A wajen tsinta kuma, ku ware kwalaben PET, wato robobin ruwa da na lemo, daga ledar, domin sai zafi ya kai wajen digiri 250 suke narkewa.