Shin bishiyoyin gonata za su kawo mini dala daga kasuwar kabon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasu mutane sun zo unguwarmu a Ɗorayi suna sayar da fom, wai duk mai bishiyoyi za a biya shi da dala daga kasuwar kabon. Ina da mangwaro da darbejiya a gonata ta gado. Shin in saya? Kuma da gaske wannan kasuwa tana rage ɗumamar yanayi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba su ko kwabo.

Abin da ake sayarwa a wannan kasuwa shi ne takardar kabon. Takarda ɗaya shaida ce cewa an hana tan ɗaya na iskar kabon tashi sama, ko an janye shi, kuma kamfanin da ya saye ta yana lissafa ta a madadin hayaƙin da masana'antarsa ke ci gaba da fitarwa. Don haka sharaɗin farko shi ne ragin ya zama wanda ba zai samu ba in ba don kuɗin ba. Na gaji da jin cewa kowace bishiya kuɗi ce. Mangwaron da kakanka ya dasa yana zuƙar iskarsa tun kafin a haifi masu fom ɗin, kuma ko an biya ka ko ba a biya ka ba, haka zai ci gaba, saboda haka sayar da shi a matsayin sabon ragi ba komai ba ne face ba wani izinin ƙara hayaƙi a banza. Aiki na gaskiya sai an auna shi, masu tantancewa sun duba, an yi masa rajista a ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Verra ko Gold Standard, sannan a ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru masu yawa. Ranar da aka sare bishiyar aka yi gawayi, kabon ɗin ya koma sama, hayaƙin masana'antar kuwa ya riga ya tafi.

Ko masu rajistar ba su tsira daga zargi ba. A 2023 binciken jaridar Guardian ta Ingila ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare daji na Verra da aka duba ba su wakiltar ragi na haƙiƙa, kodayake Verra ta musanta. Tsarin kasuwar kabon na Tarayyar Turai da aka fara a 2005 ya fi tasiri wajen rage hayaƙi, domin hukuma ce ke ƙayyade yawan hayaƙin, tana kuma rage shi kowace shekara.

In sun dawo, ka nemi lambar rajistar aikinsu da sunan wanda ya tantance shi, kuma kada ka miƙa musu takardun gonarka.